Sha Ɗaya da Rabi

Unguwar Ɗan Iya, ta Bagwai
9 ga Yuni

Zuwa ga Khalilu ɗan Kawu Sama'ilu,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da amaryarka Sakinatu da sanyin ofishinku na Abuja. Kawu yana nan da sauƙi, ƙafar ce dai take tashi idan hadari ya haɗu. Mu nan sai godiya. An yi shuka, gero ya fito, amma rumbu ya ƙare tun kafin azumi. Maigidana Basiru yana Fatakwal yana tura baro. Wayar da ya bar mini na sayar na auno dawa, shi ya sa ka gan ni da biro kamar 'yar firamare. Ɗanliti direba zai miƙa maka idan ya kawo muku hatsin Dawanau.

Na san ka ji Hassana ta rasu. Abin da ba ka ji ba shi ne yadda ta rasu, kuma shi zan faɗa maka. Ka karanta a zaune.

Ka san cibiyar tamowa da ƙungiyarku ta buɗe a rumfar bakin kasuwarmu, duk ranar Alhamis. Ana naɗa wa yaro tef a damtse. Idan ya faɗa wajen jan launi na tef ɗin, wato ƙasa da santimita sha ɗaya da rabi, sai a rubuta shi a riƙa ba shi abincin nan na gyaɗa a leda. Idan ya kai sha ɗaya da rabi cif, sai a ce wa uwa ta koma gida ta dama kunu. Mai awon Lawan ne, mijin Barira, Barirar da muka yi tallan ƙuli tare.

Alhamis uku ina kai masa tagwayena, ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa. Alhamis uku yana naɗa tef yana cewa, "Sha ɗaya da rabi ne, Rahmatu, ki dawo wani makon." A ta ukun na sa ido sosai. Wallahi ja na gani a hannun Hassana, sai ya ɗora babban yatsansa ya rufe wajen, ya rubuta abin da ya ga dama, ko kallona bai yi ba. Ranar Litinin gudawa ta kama ta, kafin la'asar ta tafi. Watanta goma sha tara.

Yanzu saura Hussaina, ita ma sha ɗaya da rabi take a bakin Lawan. Yarinyar da awarwaron azurfarta yake sulluɓewa har gwiwar hannu!

Kada ka aiko mini da haƙuri, an ba ni shi a nan har ya ishe ni. Kai ne da bakinka ka ce duk takardar da aka rubuta a rumfar nan kwamfutarka take shiga. To ka buɗe ta. Ka nemo mini abin da zan riƙe a hannu in nuna wa jama'a, don idan na faɗa da baki cewa za a yi baƙin ciki ya taɓa ni. Ina so a rubuta Hussaina. Ina kuma so in ga ranar da Lawan zai bi ta kasuwar nan ba wanda zai amsa masa sallama.

'Yar'uwarka,
Rahmatu


Abuja
26 ga Yuni

Yaya Rahmatu,

Wa alaikumus salam. Mu ma lafiya lau, Sakinatu tana gaishe ki, ta yi kuka da na karanta mata. Allah ya jiƙan Hassana, ya sa mai ceto ce. Kin ce kada in ba ki haƙuri, to na haɗiye.

Abin da kika sa ni ba a yarda mu yi ba, amma na yi. Ga takardu biyu na haɗo miki, bari in nuna miki yadda ake karanta su.

Irin zanen nan muna kiransa histogiram. Ki ɗauka an tara duk yaran da aka auna a fili ɗaya, aka ce masu hannu goma su yi layi a nan, masu sha ɗaya a nan, haka har zuwa sha huɗu. Kowane layi sai kwamfuta ta zana masa sanda, tsayinta gwargwadon yawan yaran da ke cikinsa. Hannun yara Allah ne ya yi, bai san ƙa'idar ofis ba, don haka zanen gaskiya yakan fito kamar tsibin gyaɗa a tabarma: tsakiya ya taru, gefe da gefe ya zube a hankali.

Takarda ta farko ta duk cibiyoyinmu ce na ƙasar Kano, yara sun haura dubu ashirin. Kin gan ta, tsibi ne lafiyayye.

Ta biyun ita ce maganar. Kowane mai awo yana da lamba a wurinmu, ta Lawan sha huɗu. Na ce wa manhajar lissafin ta ware mini yaran lamba sha huɗu kaɗai, na wata uku da suka wuce, sannan na matse sandunan suka zama sirara, kowane ɗigo da sandarsa. Yaya, da zanen ya fito sai da na tashi tsaye. Daga sha ɗaya zuwa sha ɗaya da ɗigo huɗu kusan babu kowa, wawulo ne kawai. Sai a kan sha ɗaya da rabi sanda ɗaya ta miƙe ita kaɗai, ta ninka maƙwabtanta kusan sau takwas. Yara ɗari biyu da goma sha biyu a cikin ɗari shida, wai duk hannunsu iri ɗaya, ba ƙari ba ragi. Ko 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ba sa haka. Yaran da ya kamata su cike wawulon nan su ne aka kwasa aka tura bayan layi. Na nemo sunan Hassana, tana cikin doguwar sandar har sau uku. Idonki bai yi miki ƙarya ba.

Yanzu ki saurare ni, ban da wasan taubasantaka. Kada ki nuna wa kowa takardun nan. Idan aka ji daga teburina suka fita, aikina ya tafi. Ki ba ni mako biyu in ƙara dubawa in kai wa shugabanmu ta hanyar da ta dace. Ki ci gaba da kai Hussaina duk Alhamis, ko da zai kore ki.

Ƙaninki,
Khalilu


Unguwar Ɗan Iya
5 ga Yuli

Khalilu,

Sallama da gaisuwa. Kawu ya ce in gaya maka ruwa ya yi kyau, an gama noman fari. Hussaina tana shan kunun kanwa cokali uku ta kau da kai, ga tari ya ƙaru.

Allah ya yi maka albarka, ɗan Kawu. Ashe karatun nan da aka sayar da akuyoyi aka yi maka bai tafi a banza ba. Takardarka tana cikin kwallata ƙarƙashin zannuwa. Kullum idan na idar da sallar walha sai na ɗauko ta na buɗe, na ɗora yatsa a kan sandar nan. Ka ce 'yata tana ciki sau uku. Ni kuwa ina ganin sauran, don na san su. Na Sauda matar mai shayi yana ciki. 'Yar gidan Abdussalam da aka binne bayan Sallah tana ciki. Ɗari biyu da sha biyu! Mugu, azzalumi, yana shiga sahun gaba a masallaci da farar riga.

Jiya Alhamis na je kamar yadda ka ce. Ya naɗa tef, na ga hannunsa yana rawa. Sai ya rage murya ya ce, "Rahmatu, don Allah ki ƙara mini mako biyu." Ka ji fa! In ƙara masa mako biyu, sai ka ce kayan ubansa nake roƙo. Na ce, "Nawa ka rubuta?" Ya sunkuyar da kai. Na tofar da yawu a gaban teburinsa na goya 'yata. Barira ta aiko mini da ƙullin kuka da daddawa da yamma, na mayar mata da abinta.

Ka ce in jira mako biyu. Kai ma mako biyu, shi ma mako biyu, kowa da mako biyu a bakinsa, ni ce mai yarinya a hannu. To na ji, zan jira saboda aikinka. Amma ka sani ina ƙirgawa. Idan Juma'a biyu suka wuce ban ga amsarka ba, ƙofar Dagaci zan je da takardar nan, kuma ba ni kaɗai zan je ba. Sunanka ba zai fito daga bakina ba, wannan na yi maka alkawari.

Rahmatu


Abuja
12 ga Yuli

Yaya Rahmatu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Allah ya ba Hussaina sauƙi. Ba zan ja gaisuwa ba. Don girman Allah kada ki je wurin Dagaci. Na nemi lambar kowa a unguwarku ban samu mai shiga ba, na roƙi Ɗanliti ya kawo miki wannan hannu da hannu.

Na yi kuskure, kuskuren da ko ɗalibin shekarar farko ba zai yi ba. Na ware Lawan shi kaɗai na leƙa shi, ban leƙa sauran ba. Takarda ta farko da na ce miki lafiyayya ce, kwamfuta ce ta zaɓa mata faɗin sanduna da kanta, manya-manya, har suka haɗiye abin da ke ciki. Ta Lawan kuwa ni na matse ta da hannuna. Kenan da mudu biyu na yi awo, sannan na ce miki ga ɓarawo.

Shekaranjiya na zauna na zana wa kowane mai awo nasa, da sanduna iri ɗaya. Su talatin da ɗaya ne. Yaya, duka talatin da ɗayan suna da doguwar sandar nan a kan sha ɗaya da rabi. Ta wasu ma ta fi ta Lawan tsayi. Sai na sake rabawa wata-wata. Janairu lafiya, Fabrairu lafiya, Maris lafiya, har na Lawan tsibi ne mai kyau. Daga Afrilu abin ya fara, a ko'ina, a mako ɗaya.

Na san abin da ya faru a Afrilu. Katan-katan ɗin abincin sun ragu daga sama, sai ofishinmu ya fitar da umarni cewa kowace cibiya kada ta rubuta sababbin yara fiye da goma sha biyar a mako. Amma ba a canza dokar da ta ce duk yaron da ya faɗa ja dole a rubuta shi ba. Mai awo yana da jajaye arba'in a gabansa da gurbi sha biyar. Idan ya rubuta gaskiya ya sallami yaro, za a kama shi da laifi. Sai suka riƙa rubuta wa ragowar sha ɗaya da rabi.

Na kuma ware yaran da Lawan ya ɗauka tun daga Afrilu, ina neman 'yan'uwansa da 'ya'yan masu hali. Ban same su ba. Kusan dukkansu ƙasa da sha ɗaya suke. Daga ƙasa yake farawa, mafi rama shi ne farko, har gurbi ya cika. Hassana tana cikin ja, amma duk mako akwai sha biyar da suka fi ta rama.

Saura ɗaya, kuma gara ki ji daga bakina. Umarnin nan shugaba ne ya sa hannu, amma ni na buga shi, ni na aika wa cibiyoyi. Har lissafin da ya fitar da sha biyar ɗin ni na yi, na raba katan da yawan rumfuna. Ranar ban ga fuskar kowa ba, lambobi na gani.

Na kai wa shugaba zane talatin da ɗayan, ya ce za a yi taro. Ki ƙona takardar da ke wurinki. Idan hayaniya ta tashi a cibiya, dokarmu rufe ta ake yi sai an gama bincike.

Khalilu


Unguwar Ɗan Iya
21 ga Yuli

Khalilu,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya, Hussaina dai jiki ya ƙi. Ɗanliti bai dawo ba, don haka wani ɗan Bici mai kai tumatir zai kawo maka wannan.

Juma'a biyu na jira, shiru kake ji. To na gama aikin.

Shekaranjiya bayan an sauko daga masallaci muka tsaya a ƙofar Dagaci, mu mata goma sha tara. Gida-gida na bi na tara su. Wasu rabonsu da fita da rana tun suna amare, amma suka zura hijabi suka fito. Dagaci ya ce, "Lafiya, Rahmatu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a kira Lawan." Aka kira shi, ya zo yana saɓa babbar riga.

Na shimfiɗa takardun biyu a gaban mutane. Na yi musu bayani yadda ka yi mini, har tsibin gyaɗar. Na ce ga na duk ƙasar Kano, ga na mutumin nan shi kaɗai. Hedimasta ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Innalillahi, wannan ai ba ta da musu." Sauda ta kama kuka tana kiran sunan ɗanta. Dagaci ya ce, "Malam Lawan, hannun 'ya'yanmu ne haka, ko alƙalaminka?" Khalilu, da ka ga fuskarsa! Ya buɗe baki ya ce, "Umarni aka ba ni." Aka ce wa ya ba ka, ina takardar? Ya ce an hana su nunawa. Nan fa wuri ya kaure. Wani ya fizge masa hula, wani ya ɗauke shi da mari, da ƙyar Liman ya shige da shi zaure. Kafin magariba samari sun sauke rumfar, sun karya teburin. Jiya da safe aka gan shi a bayan babur ya nufi wajen Bici da jaka ɗaya, ba wanda ya ɗaga masa hannu.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Tun ranar da aka fita da Hassana a tabarma ban ci abinci ya zauna mini ba sai ranar. Ban kama sunanka ba, na ce a ƙasa na tsinta.

Yau wasu mutum biyu daga ƙungiyarku sun zo da farar mota, sun kwashe katan huɗun da suka rage, sun ce an dakatar da cibiya sai an yi bincike. Na tambaye su zuwa yaushe, suka ce ba su sani ba. Kai da kake ciki, ka sa baki a turo mana mai tsoron Allah da wuri, kafin Alhamis idan da hali.

Rahmatu


Unguwar Ɗan Iya
11 ga Agusta

Khalilu,

Assalamu alaikum. Kawu yana gaishe ka, bai san komai ba, kuma ba zan faɗa masa ba don zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Gero ya fara fitar da kai. Ba a ci ba tukuna.

Takardarka ta sha biyu ga Yuli sai jiya ta shigo hannuna. Motar Ɗanliti ta mutu a hanyar Kaduna, da aka gyara kuma aka sa dokar hana fita. Wata guda tana aljihunsa. Na karanta ta a tsaye, na karanta ta a zaune, na kuma karantawa.

Kafin ta iso, Barira ta riga ta zo. Ba ta shigo ba, a bakin zaure ta tsaya, ba ta cire takalmi ba. Ta ce, "Rahmatu, ba faɗa ya kawo ni ba." Ta miƙo mini wani ɗan littafin makaranta da Lawan yake ɓoyewa a ƙasan katifa. A ciki yake rubuta awon gaskiya na kowane yaro, da wanda zai shiga wane mako. Hassana sha ɗaya da ɗigo biyu, ya ja layi a kan sunanta ya rubuta addu'a a gefe. Hussaina ita ce ta uku a jerin Alhamis ashirin da biyar ga Yuli, mako ɗaya bayan biyun da ya roƙa. Kwana shida ya rage mata ranar da na tara mata a ƙofar Dagaci. Barira ta ajiye mini tef ɗinsa a kan dakali, ta ce shi ba zai ƙara taɓa shi ba, ta juya.

Kada ka zaci na yafe masa. Sau uku ya yi mini ƙarya a kan Hassana. Da ya ce, "Ja ce, amma babu gurbi," da na san inda na dosa, da na sayar da gadona na kai ta Kano. Wannan tsakanina da shi sai gaban Allah. Amma shi aƙalla hannunsa ya yi rawa.

Kai fa? Ka raba katan da rumfuna, ya ba ka sha biyar, ka buga, ka tafi cin abincin rana. Na zo ina kuka ina neman wanda ya kashe mini 'ya, ka shiga kwamfuta ka ware mini mutum ɗaya, wanda na riga na nuna maka da yatsa. Ka ware Lawan, ka ware watanni, ka ware masu awo talatin da ɗaya. Teburinka ne kawai ba ka ware ba sai da aiki ya ɓaci. Ni na kai takardar, ban musa ba, wannan nauyin nawa ne har in mutu. Amma kai ka zana ta.

Alhamis uku ke nan ba rumfa. Uwaye suna zuwa su tsaya a wajen su koma. Sauda da ta riƙe hannuna a gaban Dagaci yanzu idan ta hango ni sai ta canza hanya, don ƙaramin ɗanta yana karɓa kafin a rufe. Na hau babur na kai Hussaina cibiyarku ta wajen Bici, mai awon can ya ce sha biyar ɗinsa sun cika tun hantsi.

Na yi maka alkawarin ba zan kama sunanka ba. Wancan alkawari na takardar farko ne. Wannan ta biyun, mai cewa ni na buga ni na aika, ba ta da alkawari, kuma ba zan ƙona ta ba. Hedimasta ya san wani mai aiki a gidan rediyo. Ina ba ka zuwa Alhamis ta sama. Ko a tayar da rumfar nan da katan a cikinta, ko duk ƙasar Kano ta ji takardarka da sunanka da na shugabanka. Idan aikinka ya tafi, ka dawo gida, akwai fartanyar Kawu.

Kada ka ƙara aiko mini da zane. Yau da safe na naɗa wa Hussaina tef ɗin Lawan da hannuna, ban ja ba, ban sassauta ba. Goma da ɗigo shida. Ka sa a kwamfutarka.

Rahmatu